Wasiƙa Daga Amurka: Hangen Dala a Kasuwar Katuna

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, na ga bidiyon da ka turo min na Baturen nan da ya rataya kati na miliyoyin daloli a wuya, na kuma ga tambayarka cewa in dai haka abin yake, me ya hana ni barin aikin dare in koma sayar da irin katunan nan masu hoto da mutane ke tarawa. Na yi dariya sosai. Amma tunda na ɗan taɓa kasuwar, ita ma ta ɗan taɓa ni, bari in ba ka labarin tiryan-tiryan.

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Sunan mutumin Logan Paul, katin kuma na Pokémon ne, wani wasan Japan mai dodanni, ana kiransa Pikachu Illustrator, ya mallake shi a 2021 a kan dala 5,275,000. Ba a taɓa sayar da irin katin a shago ba. Kyauta aka ba waɗanda suka ci gasar zane a Japan wajen 1998, duka-duka ba su kai hamsin ba. Haka kuma a watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin wani ɗan wasan besbol, Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, a kan dala miliyan 12.6. Irin waɗannan labaran ne ke iso muku, kuma su ne suka hana ni barci wani dare a nan Ohio.

Maƙwabcina ne zai tashi, ya fito da tarkace ƙofar gida yana sayarwa. A ciki akwai kwalin takalmi cike da katunan ɗansa da ya girma ya bar gida. Na ba shi dala 40, har yana min godiya. Da daddare ina bincikawa sai ga Charizard, dodon nan mai fukafukai da wuta a jela, yana ƙyalli, da lamba 4/102 a ƙasa, bugun 1999. Na rubuta sunan a waya, abu na farko da ya fito shi ne an sayar da irinsa dala 420,000 a 2022. Wallahi Yaya, kafin asuba na gama gina gida uku a zuciyata.

Washegari na kai shi wani shagon katuna. Mai shagon bai ko ɗaga gira ba. Ya zaro katin a hankali, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar mai riƙe da ƙwai, ya kunna fitila ya karkata shi. Sai ya nuna min gefen hagu, ƙarƙashin hoton: babu ɗan baƙin tambarin nan mai lamba 1 da ke nuna bugun farko. Ya nuna min inuwa siririya a gefen dama na hoton, ya ce bugun farko ba shi da ita, nawa na baya ne da aka buga da yawa. Ya juya bayan katin, shuɗin gefen ya yi fari-fari inda hannun yaro ya goge shi, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, ga karce a kan ƙyallin da ban taɓa lura da shi ba sai da haske ya doke shi. Ya taya dala 100 kuɗi hannu, ko 130 in zan karɓi kaya a shagon. Na ce albarka. Katunan besbol kuwa, waɗanda suka fi rabin kwalin, ko kallonsu bai yi ba. Na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ne, lokacin da kamfanoni suka yi ta buga su babu lissafi, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran su yi tsada. Abin da kowa ya ɓoye kuwa ba ya tsada.

A ranar na fara gane cewa a wannan kasuwa lafiyar kati ita ce kuɗinsa, kuma ba mai kaya ke faɗin lafiyar ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. Ka aika musu kati, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi ruf a cikin roba mai tauri da lambar rajista. Babbansu PSA, da ke Kalifoniya tun 1991. Abu huɗu ake dubawa: ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Wani kamfanin, Beckett, na iya rubuta maka makin kowanne ɗaya daban, kuma in duka huɗun suka ci 10 sai ya manna baƙar takarda, wadda masu tarawa ke rububinta. CGC da littattafan zane ya fara kafin ya shigo katuna a 2020. SGC kuma an fi saninsa da tsofaffin katunan wasanni, shi ya ba katin Mantle ɗin can maki 9.5. A ganina na Beckett ya fi gamsar da mutum, don yana nuna maka inda ka faɗi. Amma in sayarwa za ka yi, galibin masu saye PSA suke tambaya, kuma ba ka jayayya da mai kuɗi a hannu.

Tsakanin maki 9 da 10, wallahi da ido ba ka ganin komai, amma farashin kan ninka sau uku ko fiye. Kamfanonin suna wallafa adadin kowane kati da ya ci kowane maki, kowa na iya dubawa. Shi wancan Pikachu na wuyan Logan Paul, shi kaɗai ne irinsa da PSA ya ba 10. Nan kuɗin yake.

Tantancewar ba kyauta ba ce. Kana biya kan kowane kati, gwargwadon darajarsa da saurin da kake so, ga kuɗin aikawa da inshora, ga jiran makonni ko watanni. Lokacin korona da mutane suka zauna a gida suka tono kwalayen yarinta, katuna sun yi wa PSA yawa har ya dakatar da karɓar mafi yawansu a 2021. A shekarar ce shagunan Target suka daina sayar da wasu katunan na ɗan lokaci, bayan an yi faɗa a kansu a wurin ajiye motoci. Na yi lissafi na ga nawa ba zai wuce maki 4 ko 5 ba, kuɗin tantancewa zai cinye ribar. Na haƙura.

Sai batun inda za a sayar. Shago sauri ne da shi, amma rabin kuɗi ko ɗan sama zai ba ka, don shi ma zai ci abinci kuma kayan na iya yi masa kwantai. Kasuwar intanet ta eBay ta fi yawan masu saye, la'adarta wajen kashi 13 cikin 100, kuma kati mai tsada sai ya bi ta hannun masu tantancewa kafin ya isa ga mai saye. Shafin TCGplayer, wanda eBay ya saye a 2022, ya fi dacewa da ƙananan katunan wasanni irin Pokémon da Magic da Yu-Gi-Oh, can kai ne za ka faɗi lafiyar katinka a matakai biyar, daga kamar sabo zuwa lalatacce. Mutanen Turai kuwa shafin Cardmarket suke amfani da shi. Manyan gidajen gwanjo irin Heritage da Goldin ba na irinmu ba ne. Akwai kuma bajekolin katuna da ake yi a manyan zauruka, tebur-tebur, inda ake ciniki baki da baki. Nan na fi jin daɗi, don ana tayi, ana albarka, ana sallamawa, Bature ma ya iya ja-in-ja in kuɗi ya shiga tsakani.

Babban abin da na koya a tebur ɗin nan shi ne, ba wanda ke kallon farashin da aka sa wa kaya. Kowa na iya sa dala dubu goma a kan katinsa ya zauna. Abin da ake buɗewa a waya shi ne jerin waɗanda aka riga aka sayar a 'yan makonnin nan, irin bugunka, irin lafiyar naka. Mai saye zai nuna maka uku na ƙarshe, daga nan ciniki zai tashi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Yaya, ko da dalar ta Amurka ce.

Na sha jabu sau ɗaya. Wani ya sayar min da kati dala 30 a kasuwar ƙarshen mako, da na dawo gida na haska shi da fitilar waya sai haske ya ratsa shi kamar takardar littafi. Na gaskiya yana da siririn baƙin layi a tsakiyar kaurinsa da ke tare haske. Sayen rufaffen fakiti don a buɗe ko za a dace kuwa na ƙi shi tun farko, zuciyata ba ta raba shi da caca ba.

Charizard ɗina dai na sa shi a intanet da hotuna takwas, har karcen na nuna, don in ka ɓoye aibi za a maido maka kayanka. Ya tafi a dala 185. Na sa shi a leda mai laushi, na zura a roba mai tauri, na haɗa shi tsakanin kwali biyu, na kai gidan waya. Bayan la'ada da kuɗin aikawa, dala 150 da 'yan kai suka shigo hannuna. Sauran na Pokémon sun kawo wajen 60 a cikin wata uku. Na besbol suna nan ƙarƙashin gado.

Aikin dare yana nan, gobe ma zan fita. Na ware wa yaranka katuna ashirin masu kyan hoto, zan ba mai zuwa ya kawo. Ka gaya musu kada su sa a aljihun wando. A gaida Yaya mace da kowa da kowa.