Yawon jirgin ruwa da dare a bikin fitilun Amsterdam, ga yadda ta kaya

To jama'a tunda na dawo Kumasi mutanen unguwar Aboabo sun hana ni sakat, wai hoton nan da na ɗora na fitilu a kan ruwa ina ne, kuma nawa na kashe. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Yayana da ke zaune a Bijlmer, unguwar nan da 'yan Gana suka cika a Amsterdam, shi ya matsa sai mun je. Sunan bikin Amsterdam Light Festival, tun 2012 ake yin sa duk lokacin sanyi, daga wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba har cikin Janairu. Masu fasaha ne daga ƙasashe daban-daban ke ƙera abubuwa da haske a kafa su a hanyoyin ruwan da suka ratsa garin, wani a tsakiyar ruwa, wani a rataye jikin gada, sun kai wajen 20. Da ƙafa ma za ka iya zagayawa kyauta, amma Yaya ya ce ina, baƙo daga Zango sai jirgi.

Abin da ya fara ɗaure min kai, wajen 4:30 na yamma rana ta riga ta faɗi. Muka yi magariba a gida muka hau metro zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Centraal, a gabanta jiragen suke lodi. Tikiti ya tasar wa yuro 30 mutum ɗaya, ni dai ban yarda na juya shi zuwa sidi ba don kada hawan jini ya kama ni. Tafiyar kamar awa ɗaya da kwata ce.

Sanyi kuwa, wallahi duk wanda ke kukan hunturun Kumasi ya yi shiru. Muna layi a bakin ruwa yatsuna suka daina jin komai, na ce Yaya anya ba za mu koma ba, ya ce haba ƙanwata kuɗin fa ba a mayarwa. Da muka shiga sai ga ɗumi, jirgi ne dogo mai rufin gilashi da hita, na ce alhamdulillahi.

Ashe nan matsalar take. An cika mu maƙil, kowa na numfashi, waje sanyi ciki zafi, ko minti 10 ba a yi ba gilashi ya yi gumi ba ka ganin komai sai dishi-dishin ja da shuɗi, kuma mu da muka makara kujerar tsakiya muka samu, sai leƙe ta kan kafaɗar wani bature dogo da shi ma yake ta goge taga da hannun rigarsa. Kamfanin jirgin bai ajiye ko tsumma ba. Bayanin da ake yi ta lasifika ma, kafin a gama yaren Holan a zo Turanci mun wuce abin da ake magana a kai. Wannan kam ya ɓata min rai.

Rabin tafiya na gaji na fita ɗan filin baya da ba rufi, a nan ne kuɗina ya fara fita. Ruwa baƙi ƙirin, fitila ɗaya ta zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa tana rawa in jirgi ya wuce. Wasu ayyukan sun burge ni, wasu gaskiya in aka kai su kasuwar Kejetia ta Kumasi za a ɗauka kwalliyar Kirsimeti ce. Abin da ya fi tsaya min a rai garin ne kansa. Gidajen Herengracht sirara dogaye, tun ƙarni na 17 wasu suke tsaye, kuma mutanen nan ba su damu da labule ba, kana wucewa kana ganin iyali na cin abinci. Unguwar hanyoyin ruwan UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2010. Gadojin ƙasa-ƙasa suke har na riƙa sunkuyar da kai, direba kuwa ya kutsa jirgi ƙarƙashinsu kamar zare a allura. Da muka fito kogin Amstel muka hango Magere Brug, farar gadar katako da aka jera wa ƙwayayen lantarki, sai na tuna rafin Aboabo da leda ta toshe na yi tsaki, Yaya ya yi ta dariya wai ko dumsor, wato ɗauke wutar da ake mana a Gana, na tuna.

'Yan uwa Musulmi a kula, akwai wani jan abu mai zafi da suke miƙawa a kofi, glühwein, giya ce da kayan ƙamshi, kada ƙamshin kanumfari ya ruɗe ku. Ku ce cakulan mai zafi ko shayi.

In za ni sake zuwa, tsakiyar mako zan je, in iso da wuri in kama kujerar taga, in sa safar hannu, in kuma saka tsumma a jaka. Maki na 3 da rabi cikin 5, rabin nan ma na filin baya ne.