Sharhi a kan Samfurin Famfo a Manhajar Ignition

Na shafe wata shida ina amfani da Ignition, manhajar sa ido kan injuna ta kamfanin Inductive Automation da ke Folsom a jihar Kalifoniya, wajen tsara allon kula da famfunan ruwa na wata masana'anta a Sharaɗa, Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take ba mutum damar ƙera abu sau ɗaya ya yi ta amfani da shi.

A da, kowane famfo sai na zana masa hotonsa, na haɗa masa fitilar kunnawa da ma'aunin zafi da ƙararrawa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan aka nemi sauya launi sai na bi su duka. A Ignition kuwa, na fara da abin da ake kira UDT, wato tsari guda da ya tattara duk bayanan da famfo ke aikowa daga PLC (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna), na bar gurbi ɗaya a cikin adireshin bayanan domin lambar famfon. Daga nan na zana samfuri guda a sashen Vision, inda ake zana allon kulawa, na ɗaura shi a kan wannan tsari, ta yadda da na jawo famfo na bakwai zuwa allo, sai ya fito da sunansa da ma'aunansa cif. Ranar da shugaban masu gyara ya ce jan launi ya zama na matsala kaɗai, gyara ɗaya na yi, famfo goma sha biyu suka sauya a gabansa.

Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi. Idan sunayen bayanai a cikin PLC ba su bi ƙa'ida ɗaya ba, gurbin ba zai yi amfani ba, kuma sai da na ɓata mako guda ina daidaita sunayen da aka gada daga masu aikin baya. Haka kuma, duk famfon da aka sauya wa wani saiti shi kaɗai, wannan saitin ya daina bin uwar tsarin. Na taɓa ɗaga iyakar zafin famfo ɗaya lokacin gwaji, kuma sai bayan kwana uku na gano dalilin da ƙararrawarsa ta ƙi bin sauran.

Ga mai son koyo, manhajar tana aiki kyauta na awa biyu, ana kuma iya sabunta lokacin sau da yawa. Ina ba shi shawara ya rubuta ƙa'idar sunayensa a takarda kafin ya zana ko da famfo ɗaya.