Audrey Hepburn ko Grace Kelly: salon wa ya fi daɗewa?

Idan ana maganar taurarin Hollywood da har gobe teloli ke kwaikwayon shigarsu, sunan waɗannan biyun ne ke fara zuwa. Amma salonsu ya sha bamban.

Audrey Hepburn sauƙi ta kama: siririn wando, takalmi maras tsini, sai kuma baƙar doguwar rigar nan da mai tsara tufafi ɗan Faransa Hubert de Givenchy ya tsara mata, wadda ta fito da ita a fim ɗin Breakfast at Tiffany's a 1961. A 2006 an yi gwanjon ɗaya daga cikin rigunan a Landan kan fam 467,200, abin mamaki ga rigar da ba ta da ko aikin wuya. Kowace mace za ta iya kai yadi wajen tela a ɗinka mata irinta.

Grace Kelly kuwa shigar gidan sarauta ce. Da ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956, Helen Rose ta kamfanin fina-finai na MGM ce ta tsara mata rigar amarci ta leshi, mai dogon hannu da rufaffen wuya. Da aka ga rigar auren Kate Middleton, matar Yarima William na Birtaniya, a 2011, nan take aka tuna da ta Grace. Ga kuma jakar kamfanin Hermès da Grace ta riƙa tare cikinta da ita daga masu ɗaukar hoto, wadda yanzu ake kira Kelly. Kuɗinta sai attajirai.

Ni dai na fi karkata ga Audrey, domin kayanta na fita kullum ne. Na Grace sai ranar biki, kodayake amaryar da ke son rufe jikinta za ta fi samun abin ɗauka a wajenta.