Wace filta za ka fara saya don hoton magangarar ruwa da almuru?

Duk wanda ya ga hoton ruwa yana gangarowa daga kan dutse fari fat, sumul kamar auduga, abin da yake fara nema shi ne filta mai duhu sosai, wato ND1000. Filtar ND gilashi ne mai duhu da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage haske, kyamara ta daɗe tana ɗaukar hoto. Ni ma haka na yi. Ranar da na fara ɗaura ta, a wani kwazazzabo mai duhuwar itatuwa, rana na shirin faɗuwa, kyamara ta riga ta ba ni jinkirin ɗauka na sakan 1 tun ban sa komai ba. Da na lissafa da filtar, sai ga shi hoto ɗaya zai ci minti 17. Na kwance ta na mayar jaka.

Lissafin ba wuya. Ana auna duhun filta da mataki, kowane mataki kuwa yana rage rabin haske ne, lokacin ɗauka ya ninka sau biyu. ND8 mataki 3 ce, ND64 mataki 6, ND1000 kuma mataki 10. Ruwa mai gudu yana yin laushin da ake so tsakanin 1/4 na sakan zuwa sakan 2. In ka wuce haka sosai, zare-zaren ruwan sai su narke su zama farin fenti, ganyen da iska ke kaɗawa kuma ya dagule. To da almuru ko ƙarƙashin inuwa, ai ka riga ka samu wannan jinkirin kyauta.

Shi ya sa kuɗinka na farko ya kamata ya tafi ga CPL, filtar da ke kashe ƙyalli. Jiƙaƙƙen dutse yana walƙiya ko da babu rana, ganye ma haka, kuma wannan walƙiyar ce ke wanke launi daga hoto. Ka sa ido a kyamara, ka juya zoben filtar sannu a hankali: dutsen da yake toka-toka zai koma baƙi wuluk, gansakuka ta yi kore shar, tsakuwar da ke ƙasan ruwa ta fito fili. Babu manhajar gyaran hoto da za ta yi maka wannan daga baya, don abin da ƙyalli ya rufe bai shiga kyamara ba tun farko. Ga kuma ribar ƙafa, CPL tana cin haske mataki 1 zuwa 2. Aibinta ɗaya: da gilashin kyamara (lens) mai faɗin gani, takan sa wani ɓangaren sama ya fi wani duhu. Ka nemi mai siririn baki, don kada kusurwoyin hoto su yi baƙi.

Bayan ta sai ND guda ɗaya. Idan fitarka ta ketowar alfijir ce ko faɗuwar rana, ND8 ta wadatar, tana mayar da 1/8 na sakan zuwa sakan 1. Mai fita da rana a ranar hadari, ND64 ta fi masa, domin 1/60 na sakan yakan koma kusan sakan 1. ND1000 a bar ta wa mai ɗaukar teku da gizagizai da tsakar rana.

Akwai ND mai juyawa, wadda ake ƙara mata duhu ko a rage. Masu bidiyo na sonta, kuma da gaskiyarsu. Amma gilashi biyu ne masu kashe ƙyalli aka haɗa, in ka murɗa ta zuwa ƙarshe sai wani baƙin gicciye ya bayyana a tsakiyar hoto. Ita kuwa filta mai rabin duhu rabin haske, amfaninta inda sama da ƙasa suka haɗu a miƙe. A kwazazzabo kan itatuwa kawai za ta baƙanta. Gara ka ɗauki hoto biyu ko uku da haske daban-daban ka haɗa su a kwamfuta.

Batun siffa, mai ɗaurawa da murɗi ta fi araha da sauƙin ɗauka. Masu kusurwa huɗu na milimita 100, irin na Lee da NiSi, suna da kyau amma sai da mariƙi, ga tsada, ga feshin ruwa na shiga tsakaninsu. Masu maganaɗisu irin na Kase sun fi saurin sawa da cirewa. Kowacce ka zaɓa, sayi babba ɗaya, milimita 77 ko 82, ka haɗa da zobban da za su daidaita ta da ƙananan gilasanka. Mai arha sosai takan rina hoto ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Gwada ta a farin bango kafin ka biya.

Duk wannan aikin banza ne in babu ƙafa uku mai ƙarfi da za ta riƙe kyamara. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, kada ka matse ta zuwa f/22 don neman jinkiri, kaifin hoto ne zai ragu. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kashe na'urar hana girgiza, sa jinkirin sakan 2 kafin ta ɗauka, sannan ka saita gani kafin ka ɗaura filta mai duhu. Farin ruwan shi ke fara ƙonewa, wato haske ya yi masa yawa a hoto, don haka shi za ka riƙa dubawa. Kuma ka riƙe ƙyallen goge gilashi biyu a aljihu, na farko zai jiƙe tun ba ka kai hoto na goma ba.