Na canza rauta na ƙara suwic, ga yadda na same su

Wallahi na daɗe ina zargin kamfanin intanet ɗina ashe tsohuwar rautar gidan, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ita ce matsalar, ramukan kebul ɗinta duk masu gudun megabit 100 ne, ko nawa ka biya iyakarta kenan. Sai na sayo TP-Link Archer C6, wata huɗu kenan ina amfani da ita kuma gaskiya ta burge ni. Ramukanta na gigabit ne, wato megabit 1000, tana bada wayfay iri biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na 5 ɗin ya fi gudu sosai amma fa baya son bango, in ka shige ɗaki na can ƙurya sai waya ta koma kan 2.4 wanda ya fi kai nisa, kuma wannan haka yake a kowace rauta, shi yasa na ɗora ta a sama a tsakiyar gida ba bayan talabijin ba.

Ramuka huɗu ne da ita na haɗa kaya, ni kuma ga kwamfuta biyu, talabijin, kyamarori, nan da nan suka cika. Nan ne na ƙaro suwic, wato akwatin ƙara ramukan kebul, TL-SG108 mai rami 8. Kai wannan ɗan akwatin ƙarfen ina sonsa, babu fanka balle ƙara, babu wani saiti, ka jona kebul kawai ya kama aiki. Amma a sani suwic baya maye gurbin rauta, ita ke raba wa na'urori adireshi, shi ƙara ramuka kawai yake yi.

Kebul kuma don Allah a nemi Cat5e ko Cat6, nawa tsoho guda ɗaya sai da ya mayar min da gudun kwamfuta kan megabit 100 kafin na gano shi.