Bambar gaba ta Peugeot 504: a kama ta da walda ko a ɗaure ta da noti?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Marwa, a arewacin Kamaru, ya kawo tambaya shekaranjiya. Ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya sa an samo masa bambar gaba ta asali daga Panteka ta Kaduna, amma da aka zo ɗorawa ramukan noti ba su hau juna ba, gefen dama kuma ya fi na hagu tashi. Mai gyaran bodi ya ce a bar wahala, a kama ta da walda a wuce wurin. Wani dattijon bakanike ya ce a'a, noti za a ɗaura ko da za a wuni. Shi ne yake tambaya wanne ya fi.

Malam, ni duka biyun an yi min su a kan mota ɗaya, tawa 504 ɗin da nake hawa a nan Garwa, don haka abin da idona ya gani zan gaya maka. Ka ɗaura noti. Amma ba zan ce maka mai walda ba shi da hujja ba, yana da ita, kuma zan kawo ta.

Mu fara da abin da ya hana ramukan haɗuwa, don a nan maganar take. Wannan mota ta fito a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, amma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Tsawon wannan lokaci an yi salun, an yi doguwar nan mai layin kujeru uku da direbobin haya ke so, an yi akori-kura, kuma an yi ta sauye-sauye a gaban motar. Saboda haka ba kowace bamba da aka ce ta 504 ce za ta zauna a kan kowace 504 ba. Ka fara tabbatar da cewa hannuwan bambar, wato ƙarafan nan biyu da ke riƙe ta da jikin mota, na irin motarka ne. In nata ne amma duk da haka suka ƙi, to ɗayan biyu ne: ko hannun ya lanƙwashe, ko kuma bakin ƙarfen motar da ake ɗaura shi ya goce saboda wani tsohon karo. Motar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana bin hanyar Garwa zuwa Marwa, da wuya a ce gabanta bai taɓa sumbatar komai ba.

To a nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Walda ba ta tambayar dalili. Mutum biyu su riƙe bamba, mai walda ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya ce ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, ya ɗiga wuta, shi ke nan. Karkatar da ke ciki tana nan, an dai rufe ta. Noti kuwa ba zai shiga ba sai ka gyara abin da ya karkace. Abin da ya sa yake cin lokaci ke nan, kuma abin da ya sa nake son sa ke nan.

Wajen sauri da kuɗin ranar farko walda ce ta ci, babu gardama. Kafin a kira la'asar ka tafi da motarka. Aikin noti yana iya cinye maka yini guda, da neman notocin da suka dace, da miƙe hannuwa, da gwadawa a cire a sake gwadawa.

Wajen daidaito kuwa ba a ma haɗa su. Ramukan da ke jikin hannuwan bamba galibi dogaye ne, an yi su haka da gangan don a iya matsar da ita sama ko ƙasa, gaba ko baya, kafin a matse. Da noti kana da wannan dama yau, kana da ita baɗi in ta ɗan sauka. Da walda damarka ɗaya ce, lokacin da wuta ke ci, kuma ƙarfe yana janyewa in ya huce. Abin da mai walda ya gani daidai yana da zafi, in ya yi sanyi sai ka ga ya ja gefe ɗaya da faɗin yatsa. A kan mota mai layuka miƙaƙƙu irin 504, da fitilunta masu kusurwa, faɗin yatsa ɗaya daga nesa ake hango shi.

Akwai kuma maganar ƙarfen kansa, wadda ta fi damuna. Bambar asali ta salun ɗin 504 ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda makanikanmu ke kira inoks. Shi ya sa za ka ga mota ta ruɓe amma bambarta tana ƙyalli. Wannan ƙarfe yana da nasa sandan walda. In aka sa masa sanda na gama-gari, wanda ake haɗa ƙofar gida da shi, wurin haɗin zai yi tsatsa, kuma zafin yakan ratso ta gaba ya bar tabo shuɗi da ruwan ƙasa. Haka aka yi wa tawa. Ranar da aka gama na shafa wurin da hannu, ga tabo biyu kamar tambarin ƙuna a kan fata, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai aikin ya ce zai goge. Damina ɗaya ta wuce sai ga jan ruwan tsatsa yana zubowa daga bayan bambar yana bin ƙasanta kamar hawaye. Na yi ta gogewa har na haƙura. In kuwa bambar mai rufin kurom ce, abin ya fi muni, don wuta tana ƙone rufin ya ɓare, kuma ba a mayar da shi da goga.

Ta ɓangaren motar ma haka. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikinta ne ƙashinta. Ƙarafa biyu masu rami a ciki ne suka biyo gefen inji suka fito gaba, a bakinsu ake ɗaura hannuwan. Ba su da kauri sosai, kuma a tsohuwar mota sau da yawa tsatsa ta riga ta ci su ta ciki. Wutar walda tana ƙone fentin da ke kare cikin, inda hannu ba ya kaiwa a sake shafawa. Kuma in har za a sa wa mota wuta, a cire kan batir tukuna, a kare wayoyin fitila da tiyon lagireto, don ba kowane mai walda ke tuna wannan ba.

Yanzu ga hujjar mai walda, kuma gaskiya ce. Noti yana kwancewa. Hanyoyinmu na karkara masu gargada, da ramukan da damina ke bari, suna girgiza mota har sai abin da aka matse ya saki. Wanda ya taɓa jin bamba tana kaɗa masa ganga daga Figil har Garwa ya san haushin. Na biyu, abin da aka ɗaura da sifana, da sifana ake kwance shi, kuma bambar asali ta yi wuya yanzu, ɓarawo ya san darajarta. Waɗannan biyun ba ƙarya ba ne. Sai dai kowannensu yana da magani mai sauƙi. Ka sayi noti mai lambar ƙarfi 8.8 a kansa, ka sa masa wosha mai faɗi da kuma macen noti mai roba a ciki, wadda girgiza ba ta juya ta. Bayan mako guda na tuƙi ka sake bin su da sifana. Maganar ɓarawo kuma, ɗigon walda ɗaya a kan zaren noti guda, ta baya, ya isa ya hana shi sauri, kuma ranar da kake son cirewa noti ɗaya kawai za ka yanke.

Ranar cirewar kuwa tana zuwa. Ni ɗan acaba ne ya goge min kusurwar hagu a wajen Yelwa, ba wani babban karo ba. Da noti ne, da hannun ya lanƙwashe an cire an miƙe an mayar. Da yake walda ce, ƙarfin bugun ya wuce kai tsaye cikin ƙarfen motar ya tsage shi, sai da aka sa injin yanka, aka yi faci, aka sake fenti. Arahar ranar farko a nan na biya ta har da riba.

Ba na cewa a kori mai walda daga aikin. In hannun bamba ya tsage, a cire shi, a kai shi kan teburi, a yi masa walda a can, a goge, a shafa fenti. In bakin ƙarfen motar ya ruɓe, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabo mai kauri ɗaya da shi, a huda rami a inda ya kamata. Wannan aikinsa ne, kuma in ka sami gwani zai yi shi da kyau. Abin da nake ƙi shi ne a haɗe bamba da mota su zama abu ɗaya.

Ga yadda za ku ɗora ta. Ku sami daɓe mai lebur, ku daidaita iskar tayoyi, ku sauke kaya daga but. Ku manna tsumma ko kwali a gefen bodi inda kunnuwan bambar ke zagayowa, don nan ne fenti ke karcewa. Ku ɗaura hannuwan a jikin mota tukuna, da yatsu kawai, kada sifana ta taɓa su. Sannan mutum biyu su ɗaga bambar, na uku ya zura notoci duka, kowanne ya kama zare biyu ko uku. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya: kada a matse ko ɗaya sai duka sun shiga. Yawancin ramukan da ake cewa sun ƙi haɗuwa, an riga an matse ɗaya gefen ne tam. In wani ya ƙi da ɗan kaɗan, a zura siririn ƙarfe a jawo ramukan su haɗu, ko a ɗan faɗaɗa ramin hannun da zarto. Ramin bambar kanta kada a taɓa shi.

Sai awo. Ka sa alama a tsakiyar bambar, ka daidaita ta da tambarin zakin Peugeot da ke tsakiyar ragar gaba. Ka auna tazarar da ke tsakanin saman bambar da ƙasan fitila a dama da hagu, sannan tazarar kunnuwanta da bodi. Da jikin mota za ka auna, ba da ƙasa ba. Wannan kuskure na ga an sha yi: tsohuwar mota takan kwanta gefen direba saboda sifirin ya gaji, in ka bi ƙasa sai bambar ta miƙe ita kaɗai motar ta karkace a bayanta. In gefe ɗaya ya shige ciki, wosha ɗaya ko biyu a tsakanin hannu da bamba za su turo shi. Ka tallafe ta da jak da guntun katako a inda kake so ta tsaya, ka ja baya taku goma ka tsuguna ka duba, don ido yana ganin abin da tef bai gani ba.

In ta zauna, ka shafa ɗan giris a zaren, ka fara matse na jikin mota, dama kaɗan hagu kaɗan, kana komawa kana dubawa. Na fuskar bambar su ne na ƙarshe, kuma a hankali, don in ka danne su da ƙarfi ƙarfen zai lotsa a kewayen kan notin, lotsawar da ba ta fita. Noti mai kaurin mili 8, wanda sifana 13 ke kamawa, ƙarfin hannu ɗaya ya ishe shi, ba ya son a ƙara wa sifana bututu.

In kun gwada duk wannan gefen daman bai sauka ba, to matsalar a ƙarfen motar take. Ka cire hannuwan biyu ka jera su a ƙasa fuska da fuska, ka ɗauko mana hotonsu da na bakin ƙarfen ta ƙasa, mu duba tare kafin kowa ya kunna injin walda.