Motar haɗa-da-kanka, Beetle ko Peugeot 504: wacce ɗan koyo zai saya a Katsina?

Tawa motar haɗa-da-kanka ce, a bayan gidan wani dattijo na same ta, wajen Ƙofar Durɓi, tayoyi huɗu duk a sace, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Bodinta na faiba ne ruwan ɗorawa, ba rufi ba gambu, an ɗora shi a kan shasin Volkswagen Beetle. Ban taɓa kwance fulogi ba a lokacin, amma na biya kuɗi a ranar, har da la'adar dillali. Shekara uku ke nan, kuma yanzu duk wanda ya ce mini yana son tsohuwar mota da zai riƙa taɓawa da hannunsa, sai na zaunar da shi.

Abin da Turawa ke kira kit car mota ce da kamfani ke sayar maka gunduwa-gunduwa, bodi da firam da ƙusoshi, kai ka nemo inji da giya da ƙafa daga wata tsohuwar mota ka haɗa a gida. A Ingila Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, mutane suka riƙa sayenta a warwatse domin kauce wa harajin sayen sabuwar mota, kamfanin Caterham kuma ya karɓi ƙirar a 1973. A Amurka wani mai ƙera jiragen ruwa, Bruce Meyers, ya yi Meyers Manx a Kalifoniya a 1964, don yawo a rairayi. Ana yanke kusan santimita 36 daga tsakiyar shasin Beetle, a sake haɗewa da walda, a ɗora bodin faiba. An kwaikwaye ta ba adadi, tawa ma ɗaya ce daga cikin 'ya'yan kwaikwayon.

Bari in fara sallamar wadda ake gani a intanet a yi ta haɗiyar yawu, wato ta Ingila. Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. A farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka zancen a biyo da ita ta Jibiya ko Kwangwalam bai taso ba. Ko ka tsallake waɗannan, da yawa daga cikin irin waɗannan motocin da kayan Ford Cortina ko Sierra aka haɗa su. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kayan ƙafar Cortina, ka ga irin kallon da za a yi maka. Ga ta kuma ƙasa-ƙasa kamar tabarma, rami ɗaya a hanyar ƙauye ya ishe ta. A bar wa masu ita.

Saura uku ke nan: haɗaɗɗiya a kan shasin Beetle irin tawa, Beetle ɗin da ba a taɓa ba, da Peugeot 504.

Abin da ya sa na fi jinjina wa dangin Beetle ga ɗan koyo shi ne injin. A baya yake, silinda huɗu a kwance, iska ke sanyaya shi. Ba lagireto, ba famfon ruwa, ba tiyon ruwa da zai fashe maka a hanyar Daura. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi a jikin giyabos, mutum biyu da jak za su sauke shi kafin la'asar. Bakin mai lita biyu da rabi yake sha, kuma ba shi da filta irin ta sauran motoci sai 'yar rariya, shi ya sa ake juye shi kusan kowace kilomita 5,000. Ni saboda ƙurarmu ba na bari ya kai. Darasina na farko a hannun wani tsohon bakanike saitin bawul ne. Ya sa na zo da asuba, injin ya kwana a sanyi, ya miƙo mini siririn ƙarfen awo na milimita 0.15. Na zura, na ɗaure, na ce na gama. Ya ja ƙarfen ya ji, ya ce, "Malam, wannan ai ka shaƙe ta. So ake ya wuce yana ɗan jan ƙafa, kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin kofi." Sau takwas na yi, bawul takwas, yana tsaye a kaina yana cin goro.

Sai dai iskar da ke sanyaya injin nan a watan Afrilu iskar Katsina ce, mai wuce digiri 40. Duk wani gwangwanin da ke lulluɓe da injin yana da aiki, shi ke tura iskar fanka kan silinda. Masu haɗa irin tawa sukan cire wasu don injin ya yi kyan gani, kuma haka na saye ta ban sani ba. Wata biyar ta yi, silinda ta uku ta ƙone bawul, dama ita ce ta fi ɗaukar zafi a tsofaffin injinan. Idan fambel ya tsinke kuwa, fanka ta tsaya ke nan, jar wuta na kamawa ka kashe mota a nan take. Ka riƙa yawo da wani fambel na ajiya.

To tsakanin haɗaɗɗiyar da Beetle na asali fa? Nan ne nake cewa a yi hattara. Beetle kamfani ya yi ta, an ƙera fiye da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, an kuma harhaɗa ta a Ojo ta Legas tun 1975, saboda haka duk waya ja ko baƙa akwai wanda ya san inda ta nufa. Haɗaɗɗiya kuwa hannun mutum ɗaya ce, kuma ba ka san shi ba. Tawa wayarinta duk launi ɗaya ne, an naɗe da salatif, mai rewaya ya kwana biyu yana bi kafin ya ce a zubar a sake sabo. Wutar lantarki ba ta bin jikin faiba kamar yadda take bin ƙarfe, don haka kowace fitila sai an ja mata wayar at tata daban, abin da masu gyaranmu da yawa ba su saba da shi ba. Fanalbita ma ba ya da abin yi da faiba in ta tsage, kuma ranarmu tana tsattsaga ta. Kafin ka biya, kwanta a ƙasa da tocila ka bi layin waldar da aka haɗe shasin. In ka ga ta yi tudu-tudu kamar kashin kaji, tashi ka kakkaɓe rigarka. Sannan ka duba lambar shasi: a Beetle tana kan tudun tsakiya, ƙarƙashin kujerar baya, daf da inda ake yankan. Wasu a garin yanka suke cinye ta. Lambar da ba ta yi daidai da takardun kwastan da na rajista ba, kullum kana hannun 'yan Road Safety da VIO. Wadda aka fara haɗawa aka watsar, kayanta a buhuna, ko kyauta ce ka yi godiya ka wuce.

Ita Fijo 504 zancenta daban ne. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Kaduna ya fara harhaɗa ta a 1975, ya ci gaba har wajen 2006, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Ba garin da za ta mace maka a rasa mai taɓa ta, kayanta kuma ana samu a Panteka da Ƙofar Ruwa, sabo da na Baljiyam. Ƙafarta doguwa ce, tana ɗaukar iyali da buhun gero. Tarkonta ga ɗan koyo yana cikin injin: hannayen silindarta zarewa suke yi, ruwa na zagaye da su. Ka cire tof, wato murfin saman silinda, ka juya injin ba ka danne su ba, sun motsa, ruwa ya fara bin bakin mai. Lokacin saye zaro ma'aunin mai, in ka ga ya yi kalar shayi da madara ka san inda aka kwana. Ɗaga kafet kuma ka taka ƙasan, don tsatsa daga nan take cinye ta.

Wani zai ce ina Golf? Tana da kyau, kayanta ko'ina, amma yawancin na kasuwa haya ta gama tatse su.

In mota ɗaya za ka iya riƙewa, kuma da ita za ka kai yara makaranta, ɗauki 504. In kana da babur ko wata motar, kanikancin kake so ya shiga hannunka, nemi Beetle da ba a yanka ba. Haɗaɗɗiya sai ka shekara kana kwance injin Beetle tukuna, kuma ka je da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Kowacce ka zaɓa, ka ware abin da ya kai rabin kuɗinta don birki, tiyon fetur da tayoyi kafin ka yi zancen fenti. Tiyon fetur na Beetle musamman, a kan inji mai zafi yake bi, in ya tsufa wuta yake jawowa.

Tawa tana tashi yanzu bugu ɗaya. Da hunturu dai sai na naɗa rawani na sa tabarau kafin in fita da ita, kuma maiɗakina har yau ba ta yarda ta shiga ba.